Depitenmu ya ɗaga hannu ko bai ɗaga ba? Muhawara a zauren ƴan Damagaram

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Jiya bayan la'asar mun je gaisuwar mutuwa nan cikin Birni, sai ga tsohon depitenmu, wato ɗan majalisar dokoki, ya zo. Ba zan faɗi sunansa ba, don ba shi kaɗai nake nufi ba. Tun kafin ya tuɓe takalmi an share masa wuri a tabarma. Ya yi addu'a, ya miƙa abin sadaka, ya tafi. Yana fita mutane suka shiga yabo: mutumin kirki, bai taɓa ƙin zuwa jana'iza ba, shi ya biya wa wane kuɗin aiki a asibiti. Duk gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba. Sai na tambayi na kusa da ni, shekarun da ya yi a majalisa, wace doka ya goyi baya, wace ya ƙi? Ya dube ni kamar na yi ashar. Mun kai mu ashirin a wurin, ba wanda ya iya kawo ko guda. Ni kaina sau biyu ina kaɗa wa jam'iyyarsa ƙuri'a, kuma ban sani ba.

Ga misali ɗaya. Ranar 22 ga Afrilun 2022 majalisa ta amince a jibge sojojin waje da aka kora daga Mali a ƙasar nan ta Nijar. Mutum 131 suka ce e, 31 suka ce a'a. Wannan adadi kowa ya ji shi a rediyo. To cikin depitocin jihar Damagaram, su wa ke cikin 131, su wa ke cikin 31? Wanda ke da amsa da sunaye, don Allah ya taimaka mini.

Mai Kabu-kabu:
Wa alaikumus salam yaya. Majalisar da babu ita tun Yulin 2023, me za a tono kuma? Wanda ya mutu ai sai addu'a.

Ɗan Birni:
Ƙanena, majalisar ce babu, mutanen suna nan da ransu. Duk ranar da aka buga gangar zaɓe su ne za ka gani a gaba, da sabuwar hula da sabon suna. In ba mu san abin da suka yi jiya ba, da me za mu auna su gobe?

Ɗan Gidan Alhaji:
Na san wanda kake nufi, kuma kawuna ne, ba zan ɓoye ba. Ina so ka zo gidansa ran Asabar da safe, ko yanzu da ba ya kan kujera. Tun ƙarfe bakwai zauren cike yake. Wannan takardar magani, wannan matarsa ta haihu babu ragon suna, wannan an koro ɗansa daga lakwal. Shekara nawa ina zaune wurin ina rubuta sunaye. Wallahi ban taɓa ganin mutum guda da ya shigo ya ce Alhaji, me ka ce a kan kasafin kuɗi ba. Ko guda. Abin da kuka nema a wurinsa shi ya ba ku. Yanzu kuma a ce bai yi aiki ba, wannan ba adalci ba ne.

Ɗan Birni:
Ban ce bai yi aiki ba, ɗan uwa. Kuma maganarka ta ƙara mini ƙarfi. Laifin da nake gani namu ne kafin nasa.

Mushe Mai Ritaya:
Ku dakata ƴaƴana, ku bari tsoho ya sa baki. Na ga majalisu tun ta 1993, kuma tambayar Ɗan Birni tana da tushe, amma sai an fara da yadda ake zaɓen kansa.

Mu a nan ba mutum muke zaɓe ba, jerin sunaye muke zaɓe. Daga zaɓen 2016 har zuwa 2023 kujerun majalisa 171 ne. A lokacin jihar Damagaram ita ke da kaso mafi yawa, kujera 32, ban da ta musamman ta Tasker. Jam'iyya ce ke tsara jerinta na jiha baki ɗaya, kai kuma ka dangwala wa alamar jam'iyya. Mutumin Tanut, mutumin Magarya, mutumin Gure da kai da ke Zango, duk jeri ɗaya kuke zaɓe. Saboda haka kalmar nan "depitenmu" a bakinmu take kawai. A doka babu depiten Birni, babu depiten Mirya. Wanda ya sa sunansa a jeri shi ne ubangidansa, kuma wannan ubangida yana Yamai, ba ya kasuwar Dole.

Na biyu, kundin tsarin mulki na 2010 ya ce depiten da ya fita daga jam'iyyarsa da kansa ya rasa kujera, wanda ke bayansa ya hau. An yi haka ne don a hana yawon siyasa, mutum ya kwana a adawa ya wayi gari a gwamnati. Niyyar mai kyau ce. Amma ta ɗaure ƙafar mai gaskiya tare da ta maƙaryaci. Na san depiten da ya faɗa mini da bakinsa, a ƙofar masallaci, cewa akwai dokar da ya ɗaga wa hannu zuciyarsa na ƙuna. Na ce to me ya hana ka sauke hannun? Ya ce Mushe, shugaban rukuninmu na majalisa yana tsaye yana ƙirga mu ɗaya bayan ɗaya.

Ɗalibin Shari'a:
Baba ya yi daidai, sai dai zan ƙara abu ɗaya. Kundin nan dai shi ne ya ce ƙuri'ar depite tasa ce ta kansa, kuma babu mai ikon tilasta masa yadda zai kaɗa ta. Ya kuma bambanta wanda ya yi murabus da wanda aka kora: in jam'iyya ce ta kore ka, kujerarka tana nan, za ka zauna a matsayin mai zaman kansa. Ke nan wanda ya ƙi bin umarni ba ya rasa kujerar a lokacin. Abin da yake tsoro shi ne zaɓe mai zuwa, a share sunansa daga jeri. Tsoron gobe ne, ba doka ba.

Mushe Mai Ritaya:
Madalla ɗana, ka gyara mini. Haka ne.

Maman Halima:
Ni dai duk wannan bayani na ji, amma ku bari in faɗi nawa. A Garin Malam nake. Watan Afrilu da Mayu ba na barci kamar mutane. Ƙarfe biyu na dare nake tashi in buɗe pampo in kasa kunne, in ji ko zai yi tari. Wani dare ya zo kamar zaren allura, in cika bido biyu ya ɗauke. Wani dare ko iska ba ya fitarwa. Gari na wayewa ƴaƴana mata su ɗauki bido su bi unguwa, ita babbar sau nawa tana makara lakwal a kan haka. In mai ruwa ya zo da kurarsa, kuɗin da ya faɗa shi ne, ba ka da bakin ciniki.

Tun ina yarinya nake jin Gogo da Macaya, aka zo aka ce Arunguza, aka zo aka ce Ganaram, kowane da alkawarin ƙishirwa ta ƙare. An samu sauƙi, ba zan yi butulci ba, amma garin ya fi ruwan girma. Tambayata ga ɗan gidan Alhaji ita ce: kawunka ya taɓa tashi a cikin majalisa ya kira ministan ruwa ya tambaye shi maganar Damagaram? Ba na neman buhun shinkafa. Wannan kawai nake so in sani.

Ɗan Gidan Alhaji:
Inna, na san ya sha zuwa ofishin minista a kan maganar ruwa. Na taɓa raka shi, na zauna a mota ina jira.

Maman Halima:
Ɗana, zuwa ofis roƙo ne, kowa na iya yi in ya san hanya. Ni tsayuwa a zauren majalisa nake tambaya, inda za a ji, a rubuta.

Ɗalibin Shari'a:
Abin da Inna ke nufi yana da suna a dokar majalisa. Lokacin da majalisar ke nan, depite na da ikon yi wa minista tambaya a rubuce, ko ta baki, ko ya sa a kira shi gaban majalisa ya yi bayani. Kuma akwai kwamitoci, inda ake tankaɗe doka kafin ta iso babban zaure. A nan ake sanin mai aiki. Wani ba ka taɓa jin muryarsa a talabijin ba amma shi ke gyara dokar layi layi. Wani kuma sai ranar da kyamara ta zo.

Tsohon Ɗan Jarida:
Na yi shekaru ina aiko rahoto daga majalisa, bari in gaya muku yadda abin ke gudana a lokacin. Yawancin dokoki da ɗaga hannu ake zartar da su. Shugaba ya ce masu goyon baya, hannuwa su tashi, sakatarori su bi layi su ƙirga. Masu adawa, a ƙirga. Waɗanda suka ƙaurace, a ƙirga. Sai a faɗi jimilla. Jimillar nan ita muke kawo muku a labaran ƙarfe takwas. Akwai kuma wakilci: depite ba ya nan, ya bar wa abokinsa takarda, sai ka ga mutum ɗaya ya ɗaga hannu biyu. Mu da ke zaune a saman bene muna iya gane wasu fuskoki, amma ba za ka iya rubuta mutum fiye da ɗari cikin minti ɗaya ba.

Saboda haka Ɗan Birni, amsar da za ka samu a kan 131 da 31 ta rukuni ce: masu rinjaye sun bi gwamnati, adawa ta ƙi. Daga nan ka duba jam'iyyar mutuminka ka yi hasashe. Kuma ina ɗaukar wa ƴan jarida nasu kason laifi. Mun saba da kai makirufo bakin shugaban rukuni. Ban tuna ranar da na tare depiten Damagaram a bakin ƙofa na ce kai fa, kai da kanka, ina ka sa hannunka yau, kuma don me.

Mai Kabu-kabu:
To ai ga shi sojojin Faransa sun tafi tun Disambar 2023, na Amurka ma sun bar Agadas a 2024. Waɗanda suka ce e ɗin nan yanzu su ne kan gaba wajen cewa dama ba sa so.

Ɗan Birni:
Ka ga abin da ke ci mini rai ke nan. Mutum ya ce e a 2022 don yana ganin tsaron ƙasa na bukatar haka, ni ba zan zage shi ba, ra'ayi ne, kuma a lokacin ana kashe mutane a Tilaberi da Difa. Amma ya tsaya ya ce ni na ce e, ga dalilina, yanzu na sake tunani. Wanda ba zan yafe wa ba shi ne mai goge sawunsa.

Ɗiyar Kance:
Ina karanta ku tun ɗazu, hannuna na rawa. A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su, yawancinsu mata da yara, kuma yawancinsu daga yankinmu suka fito. Akwai wadda muka yi wasan ƙasa tare a cikinsu. Na tuna ranar da labarin ya iso, yadda aka shimfiɗa tabarmi gida bayan gida, babu gawa ko ɗaya da za a wanke.

A 2015 majalisa ta yi dokar hana safarar baƙin haure. Wasu suka ce don Turawa aka yi ta, wasu suka ce don ceton rai. Abin da na gani da idona, matanmu ba su daina tafiya ba, hanya ce ta ƙara nisa kuɗin mota ya ƙaru, direbobi suka koma bin inda babu rijiya don gudun jami'ai. A Nuwamban 2023 sojoji suka soke dokar. An kafa ta ba a tambaye mu ba, an soke ta ba a tambaye mu ba. Cikin shekaru takwas ɗin nan ban ga depite guda da ya zo Kance ko Matamai ya tara mata ya ce ga dokar da muka yi, ga abin da ke cikinta, me kuka gani ba. Sun zo gaisuwa, wannan kam sun zo.

Mushe Mai Ritaya:
Allah ya jiƙansu da rahama, ɗiyata. Allah ya ba ku haƙuri.

Maman Halima:
Amin ya Allah. Ƙanwata, kin sa ni hawaye.

Alhajin Kasuwar Dole:
Allah ya gafarta musu. Ni kuma tawa ita ce dokar kasafin kuɗi ta 2018, wadda aka zartar ƙarshen 2017. Ita ce ta zo da harajin gida da maganar harajin gado, a lokaci guda kuma aka sauke wa kamfanonin talho wani haraji na kiran waje. An yi ta zanga-zanga, a Yamai aka kama su Nuhu Arzika da Musa Cangari da Ali Idrisa a watan Maris na 2018, suka yi wata huɗu a tsare. Mu ƴan kasuwa mun ji ta a jikinmu. Bayan an zartar, wani depite ya zo rumfata sayen shadda. Na ce ranka ya daɗe, kun ɗora mana kaya. Ya ce Alhaji, ai ni ban yarda da ita ba. Na yi shiru, don ba ni da abin da zan ƙaryata shi da shi, ba ni kuma da abin da zan gaskata shi. Na auna masa shaddarsa ya tafi. Har yau abin na damuna.

Ɗan Gidan Alhaji:
To ku ce a rubuta sunan kowa da ƙuri'arsa. Na yarda. Amma kun yi tunanin wa zai fara karanta takardar? Ba Maman Halima ba ce, shugaban jam'iyya ne. Wanda ke ɗan zamewa ya fita fitsari lokacin ƙirga, shi ma kun toshe masa hanya.

Mushe Mai Ritaya:
Wannan magana ce mai nauyi, kada a raina ta. Ranar 31 ga Mayun 2007 majalisa ta kayar da gwamnatin firaminista Hama Amadu da ƙuri'ar yanke ƙauna, a kan badaƙalar kuɗin ilimi. Kujeru 113 ne a lokacin, 62 suka kaɗa a kayar da shi, alhali ɓangarensa ke da rinjaye. Me ya ba su wannan zuciyar? A asirce aka kaɗa. Da da ɗaga hannu ne, ban tsammanin da an kai wannan adadi.

Amma ku duba ɗaya gefen. A 2009, lokacin tazarce, Mahaman Usman ɗan garin nan ne ke shugabancin majalisa. Shugaban ƙasa Tanja ya ga ba zai samu yadda yake so ba, ya rushe ta ranar 26 ga Mayu. A wancan lokacin kowa ya san wanda ke tare da tazarce da wanda ba ya tare, don a fili aka yi, a dandali da gidajen rediyo. Shi ya sa har yau in an ambaci shekarar za ka iya cewa wane ya tsaya nan, wane ya tsaya can. Ra'ayina, kayar da gwamnati da zaɓen shugabanni a bar su a asirce. Amma haraji, kasafin kuɗi, yarjejeniya da ƙasashen waje, bashi da za a ciwo da sunan jikokina, waɗannan a kira suna ɗaya ɗaya, mutum ya amsa da bakinsa.

Ɗalibin Shari'a:
Na goyi bayan wannan rabon, Baba. Kuma ɗan gidan Alhaji, shugaban jam'iyya ai ya riga ya sani, Baba ya ce yana tsaye yana ƙirga. Mu kaɗai ne ba mu sani ba. Rubutawar ba za ta ƙara masa komai ba, mu za ta ƙara wa.

Mai Kabu-kabu:
Ni fa har yanzu ban ga ranar ba. An rushe jam'iyyu a Maris na 2025, an ce shekara biyar. Majalisar da ke akwai yanzu ta ba da shawara ce, ba mu muka zaɓe ta ba, doka kuma daga fadar shugaban ƙasa take fitowa.

Admin:
Jama'a a kula, mu tsaya kan maganar da aka ɗauko. Kowa ya san akwai dokar laifukan intanet, kuma tun 2024 an maido da ɗauri a cikinta. Banda ambaton sunan kowa da zargi. Na gode.

Tsohon Ɗan Jarida:
Admin ya tuna mini. Ita kanta dokar, majalisa ce ta zartar da ita a 2019, aka sassauta ta a 2022, aka sake tsananta ta a 2024. Ga doka da ta shafi kowane ɗayanmu a wannan zaure, kuma ba mai iya cewa wane ne cikin namu ya ɗaga mata hannu ranar farko.

Ƙanena mai kabu-kabu, lokacin da babu zaɓe shi ne lokacin wannan magana. In an fara kamfe ba mai sauraronka, kiɗa ya yi yawa. Duk ranar da za a zauna rubuta sabon tsarin mulki da dokar zaɓe, a nan ake yanke ko jeri na jiha za a ci gaba da yi ko kowane yanki zai san mutuminsa, a nan ake yanke ko za a riƙa kiran suna. Kuma tunda takardar sake gina ƙasa, wadda ta maye gurbin kundin tsarin mulki, ta ce Hausa ce harshen ƙasa, babu hujjar a bar sakamakon cikin Faransanci a wata jarida da ba ta wuce Yamai. A karanta shi a gidajen rediyon garin nan bayan labarai, kamar yadda ake karanta sanarwar ɗaurin aure: doka kaza, wane e, wane a'a, wane bai zo ba.

Maman Halima:
Wane bai zo ba ɗin nan ita na fi so in ji.

Ɗiyar Kance:
Kuma a haɗa da mata. Tun 2019 doka ta ce kashi 25 cikin ɗari na kujerun zaɓe a ba jinsin da aka bari a baya. Matan da suka shiga da sunanmu su ma ina so in san me suka ce ranar da aka kawo maganar karatun ƴaƴa mata da ta masu tafiya Aljeriya. Kasancewarta mace bai ishe ni ba.

Ɗan Birni:
Ɗan gidan Alhaji, ina da roƙo, kuma ba da niyyar tozarci ba. Ka ce in zo ran Asabar. Zan zo, ba da takardar magani ba. Tambaya uku zan kawo: ƙuri'ar 22 ga Afrilun 2022, kasafin 2018 in yana majalisa a lokacin, da tambayar Maman Halima ta ruwa. In ya amsa, in ya yarda, zan kawo amsar nan yadda ya faɗe ta, ba ƙari ba ragi, ba tare da sunansa ba sai in shi ya ce a faɗa.

Ɗan Gidan Alhaji:
Zan gaya masa yau bayan isha'i. Ban yi maka alkawarin zai ji daɗi ba, amma ban san shi da korar baƙo ba. Ka zo wajen ƙarfe goma, lokacin zauren ya ɗan rage.

Alhajin Kasuwar Dole:
In ba damuwa ku biyo ta rumfata mu tafi tare, ni ma ina da tawa.

Mushe Mai Ritaya:
Ku je da ladabi, ku gaishe shi, ku bari ya gama magana kafin ku sa baki. Ɗan Birni, ka tafi da biro da takarda, kada ka dogara da ka.